Maganar Ɗaki a Bakin Mawaƙi

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da katifa, akwai wani shagon aski mai kujera biyu, ɗaya ce kawai take juyawa. Mai shagon mutum ne siriri mai furfura a gefen kai, kuma an daɗe da daina kiransa da sunansa. Kowa Me-ya-ce yake ce masa, har mai kawo takardar wuta.

Sunan ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tasa. Yana tsaka da aski, waƙa na tashi daga sifikar da ke saman madubi, sai ka ji injin ya yi tsit. Ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Tsaya. Me ya ce?" Mai kai kuwa yana zaune, rabi a aske rabi da suma, ƙyalle ɗaure a wuya, ba damar tashi.

"Baba, waƙa ce kawai, a ƙarasa min don Allah."

"Na san waƙa ce. Ai ba kiran salla na ce ba. Me ya ce a cikinta?"

Sai an mayar da wurin baya an sake ji. In ya ji, ya girgiza kai. "Ka gani? Sau nawa ya ce 'zo, zo, zo'? Ta zo ta yi me? Bai faɗa ba. Mutum ya tara makaɗa, ya sha wutar lantarki, don ya ce wa mace ta zo."

Mahaifinsa tafinta ne a kotu, kuma a wurinsa ya gaji wannan kunne. Tsohon yakan dawo gida ya zaunar da shi gaban rediyo, in mawaƙi ya yi wani baiti ya rage murya ya tambaye shi wa ake nufi. In yaron ya ce ba kowa, sai ya ja masa kunne. A wurin tsohon, ba wanda ke buɗe baki a banza, in ka ji magana ta yi santsi to akwai abin da aka binne a ƙarƙashinta. Karatu bai yi nisa da Me-ya-ce ba, kawunsa ya ɗauke shi ya koya masa riƙe almakashi. A nan ya ƙara karatun da ubansa ya fara masa, don babu inda maza ke sakin baki kamar kan kujerar aski. Ya ji mai yabon matarsa yana aske gemu don zuwa wajen wata. Ya ji mai rantsuwa da Allah yana kallon madubi don ya ga ko rantsuwar ta zauna a fuskarsa. Kafin ya kai arba'in ya riga ya yanke cewa magana ba ta fitowa tsirara, sai da riga.

Don haka waƙoƙin zamani suka zame masa ciwon kai. Wadda ya ji kalmominta sarai, sai ya tarar ba komai a ciki, mota ce da agogo da ido mai kyau. Wadda kuma aka cusa kalmomin cikin kiɗa har ba a ji, ita ce ya fi tsoro, don a ganinsa ba a ɓoye abu mai tsarki. Yakan kai wa 'yarsa irin waɗannan, ita da ke karatun aikin jinya, ya ce ta fassara masa. Wata rana ta gaya masa gaskiyar abin da wata waƙar "tuƙin mota" take nufi, ya yi kwana biyu bai kalle ta a ido ba. Wani lokacin kuma shi ke yin kuskure. Ya taɓa hana wata waƙa a shagonsa wata guda, yana cewa ruwan saman da ake ambata ba ruwan sama ba ne, daga baya aka tabbatar masa yaron manomi ne ya yi ta, kuma ruwan saman yake nufi. Bai amsa kuskurensa ba. Cewa ya yi, "To me ya sa ya yi ta da irin wannan muryar?"

Ya taɓa cire sifikar gaba ɗaya. Cikin sati biyu samari suka koma sabon shagon da ke tsallaken titi, mai fitilu shuɗaye, ya rage daga shi sai tsofaffi masu sanƙo da ba su da abin askewa. Ya mayar da ita yana ƙunƙuni.

A gida kuwa mutum ne mai shiru. Matarsa tana aikin shara da goge-goge a wani dogon bene na ofisoshi a tsakiyar gari, ta fita da sassafe ta dawo bayan azahar. Suna da ɗaki biyu da ɗan wurin girki a gidan haya. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su, namiji da mace. Namijin, wanda suke kira Babba, zazzaɓi ya ɗauke shi yana da shekara goma sha uku, cikin kwanakin da ba su kai sati ba. Yaro ne mai ƙiriniya, ba ya jin kiɗa ya zauna, ko tallan sabulu aka sa a rediyo sai ya taka.

Da aka share makoki, Me-ya-ce ya tattara kayan yaron ya bayar, ya cire hotonsa daga bango ya sa a ƙasan akwati. Bai taɓa cewa kar a ambace shi ba. Amma duk wanda ya fara, sai ya tashi ya ɗauki takalminsa. Gidan ya gane.

Sau ɗaya tak matar ta karya wannan shirun. Wajen shekara biyu da rasuwar, ya dawo cin abincin rana, ya tarar ta jera kwano huɗu a tabarma maimakon uku. Ta tsaya tana kallon na huɗun, ludayi a hannu. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, kamar mai ba da haƙuri, "Ni na san ya tafi. Hannuna ne bai sani ba, kullum sai ya ɗauko kwanonsa."

Ya ce, "Ki daina irin wannan magana." Ya fita bai ci ba. Daga su biyu sai bango, 'yar tana makaranta.

Shekaru suka wuce. Wata Asabar da hantsi, shago cike, yana gyara wa wani saurayi gefen kunne, aka sa wata sabuwar waƙa da ake yayi. Kiɗa mai tsalle, murya mai santsi, irin wadda ya saba. Mawaƙin yana kiran budurwarsa, yana cewa ta juya, ta girgiza, ta kashe shi. Me-ya-ce har ya shirya tsakinsa. Sai kiɗan ya lafa, muryar ta fito ita kaɗai:

"Ni na san kin tafi, hannuna ne bai sani ba,
kullum sai ya ɗauko kwanonki."

Injin ya zame ya yi wa saurayin hanya har tsakiyar kai.

"Baba! Ka kashe ni!"

Wannan karon bai ce me ya ce ba. Ya ji sarai. Ya ba saurayin haƙuri, ya aske masa kan ƙwal, ya sallami sauran ya ce kansa ke ciwo. Ya ja ƙofa ya zauna a kujerar da ba ta juyawa, ya sa mai gyaran waya ya tura masa waƙar, ya yi ta maimaita wurin. Kalma biyu aka canja, namiji ya koma mace. Sauran duk nata ne, har inda take ɗan tsayawa bayan "bai sani ba".

Wa ya fitar da ita? Da 'yarsa ya fara, don ita ce kullum waya a hannu. Da yamma ya same ta tana wanke farar rigarta ta asibiti, ya tsaya kanta.

"Kin san waƙar nan ta kwano?"

"Kowa ya san ta, Baba. A asibiti har marasa lafiya na sa ta."

"Kin san mai ita?"

"A hoto dai."

"A hoto kawai?"

Ta ɗago da kumfa a hannu. "Baba, wai me na yi?"

Ya duba idonta irin duban da yake wa masu rantsuwa a madubi, bai ga komai ba. Wannan ma bai kwantar masa da hankali ba, don yaran yanzu sun iya ido.

Sai ya koma kan maƙwabciyarsu, wadda ɗakinta ke manne da nasu, mai ɗa ɗan acaɓa da ke yawo da samarin gari. Ya buga bangon da yatsa ya ji kaurinsa. Ya sa 'yarsa ta yi magana a ɗaki shi kuma ya tsaya a tsakar gida, wai yana gwada ko rediyo na damun mutane. Ba a jin komai sai gunji. Ya tuna ma a lokacin da aka yi maganar wasu ne a ɗakin, masu sayar da gawayi, kuma sun daɗe da barin gari.

Ya zargi kansa ma. Ko ya taɓa furta ta a shago, hannu na aiki baki na zuba? Ya bi shekarun ɗaya bayan ɗaya. A'a. Abin da bai iya faɗa wa kansa ba, ina zai faɗa wa mai sanƙo.

Saura mutum ɗaya, kuma ita ce ba ya so ya kai kanta. Ya fara lura da ita. Ya ga tana dawowa a makare fiye da da. Ya ga ta sayi ɗan abin sauraro na kunne, ita da ko rediyo ba ta kunnawa. Ranar da wata mota ta wuce ƙofar gida da waƙar, tana tsinke ganye, hannunta ya tsaya cak har motar ta yi nisa, sannan ta ci gaba. Ba ta kalle shi ba. Wannan rashin kallon ne ya fi damunsa.

Ran Talata bai buɗe shago ba. Ya bari ta fita, ya ba ta rata, ya bi ta. Bai taɓa zuwa wurin aikinta ba duk tsawon shekarun nan. Benen dogo ne mai gilasai, ƙasa banki, sama ofisoshin lauyoyi da masu sayar da tikitin jirgi. Ya tsaya gaban allon da aka jera sunayen masu haya yana bi da yatsa. A hawa na uku ya ga an rubuta situdiyo, wurin ɗaukar waƙa.

Maigadi ya tare shi. "Wajen wa?"

"Wajen mai shara. Ni ne mijinta."

Fuskar maigadin ta washe. "Mijin Mama? Ai sai ka hau na uku, yanzu tana wajen yaranta."

Yaranta. Ya hau matakala yana jin kalmar tana bin sa a baya. A bakin wata ƙofa mai kauri ya ga bokitinta da sandar goge ƙasa a jingine. Ya tura.

Ɗaki ne mai sanyi, an lulluɓe bangonsa da soso, ba taga. Wani mai ƙiba yana zaune gaban na'ura mai maɓallai da yawa. Bayan gilashi akwai wani siririn yaro da bai wuce sa'an Babba ba da yana raye, gashinsa a murɗe, an yi masa askin da Me-ya-ce ya ga kuskure biyu a ciki tun daga ƙofa. A kan doguwar kujera kuma matarsa ce zaune, kofin shayi a hannu, ta cire takalmi ta naɗe ƙafa kamar a ɗakinta. Tana dariya. Ya manta rabon da ya ga haƙoranta haka.

Ta gan shi, dariyar ta ɗauke. Ta ajiye kofin. "Malam, lafiya? Wani abu ya samu yarinyar?"

"Lafiya lau. Na zo ganin inda ake kai maganar ɗakina."

Mai ƙibar ya kashe kiɗa. Yaron ya fito daga bayan gilashi, ya rusuna. "Baba, sannu da zuwa. Ni ne…"

"Na san kai ne. Tambaya ɗaya zan yi maka. Baitin nan na kwano, kai ka yi shi?"

Yaron ya kalli matar. Ta ce, "Ka faɗa masa gaskiya, ba ya son kwana-kwana."

"Mama ce ta ba ni."

"Ta ba ka, ko ka ɗauka?"

Matar ta miƙe ta sa takalminta. "Ni na ba shi, Malam. Mu je waje."

A kan matakala suka tsaya, tsakanin hawa na uku da na biyu, inda warin maganin goge ƙasa ya fi ƙarfi. Ta ba shi labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Wata safiya tana goge situdiyon ta tarar da yaron ya kifa kai a tebur, an ba shi kiɗa an ce ya zuba kalmomi kafin azahar, ya rasa abin cewa. Uwarsa ta rasu a watan, kuma ba wanda ya ɗaga masa ƙafa. Ta zauna suka yi hira, ta ba shi labarin Babba, ya ba ta na uwarsa. A cikin hirar maganar ta fito. Ya tambaye ta ko zai iya sa ta a waƙa, ta ce ya sa.

"Ba ki tambaye ni ba."

"Na taɓa faɗa maka ita. Ka ce in daina."

"Saboda haka sai ki kai ta kasuwa? Kin ji abin da ke gabanta da abin da ke bayanta? Juya, girgiza. Ɗana ne a tsakanin juya da girgiza! Sun mayar da shi budurwa. 'Yan mata na rawa da shi a gidan biki."

"Shi ma da rawa yake yi," ta ce. "Ka manta? Ko tallan sabulu."

Ya riƙe ƙarfen matakalar.

"Shekara nawa, Malam, ba inda zan ji shi. Ba hoto, ba suna, ko rigarsa ɗaya ba ka bar min ba. Yanzu ina tafiya a titi sai in ji shi daga shagon mai shayi. Su ba su san shi ba ne, ni na san shi ne. Bai dame ni ba."

"Me suka ba ki?"

Ta yi masa wani kallo da bai taɓa gani ba, ta hau ta ɗauko bokitinta, ta sauka hawa na biyu ta ci gaba da aiki.

Bai tafi ba. Ya koma situdiyon, ya zauna inda ta tashi, ya ce wa yaron ya zauna.

"Ka samu magana irin wannan, me ya sa ka kewaye ta da shirme?"

Yaron ya sosa kai. Mai ƙibar ne ya amsa. "Baba, ya yi ta yadda kake so tun farko. A hankali, duk a kan mahaifiyarsa, baiti shida. Muka sake ta, ko mutum ɗari ba su ji ba. Da muka sa mata wannan kiɗan muka bar layi biyu, ga shi har shagonka ta je."

"Wato mutane ne ba sa son magana, ko ku ne kuka saba musu da rashinta?"

Mai ƙibar ya ɗaga kafaɗa. Me-ya-ce ya ce a sa masa ta farkon. Aka sa. Ya saurara har ƙarshe, ido ɗaya a kanne. Baiti biyu sun yi kyau, sauran yaron ya cika su da kalmomin da ya aro daga wa'azi. Ya gaya masa haka, bai rage ba. Da zai fita ya ƙara da cewa wanda ya yi masa aski bai daidaita ƙeya ba.

Ya yi kusan wata ba ya yi wa matar magana sai ta dole. Ita ma ba ta neme shi ba. A shago ya hana waƙar, amma hanin bai yi amfani ba, don tana shigowa daga wayar kowa. Wata rana wani direban babbar mota, ƙato mai murya kamar ganga, yana kan kujera wayar wani ta yi ƙara da ita. Da aka zo wurin, sai ga hawaye na bin hodar da ke kumatunsa. Ya ce gashi ne ya shiga idonsa. Daga baya, yana gyara hula a madubi, ya ce matarsa ta rasu bara, kuma har yau in ya tsaya a hanya sai ya sayi tsarabar mutum biyu. Me-ya-ce ya kakkaɓe masa wuya. Ko a nan sai da ya yi tunanin ko matarsa ce ta turo mutumin. Ya bincika a tasha, aka ce masa baƙo ne, daga nesa yake ɗauko siminti.

Ba a yi wani zaman sulhu ba. Wata Juma'a dai 'yar ta dawo ta tarar da hoton Babba a kan talabijin, ba a rataye ba, an jingina shi kawai, kamar wanda aka ajiye kafin a yanke shawara. Ba wanda ya tambayi wanda ya fito da shi.

Mawaƙin ya yi tashe na shekara biyu, ya koma babban birni, waƙoƙinsa na baya duk mota ne da agogo. Sau ɗaya ya zo shagon kafin ya tafi, aka daidaita masa ƙeya. Matar ta bar aikin benen da gwiwa ta fara damunta. Me-ya-ce bai taɓa yarda cewa layi biyun nan kaɗai ta bayar ba. Akwai wata waƙar yaron da ke maganar takalmin da aka bari a bakin ƙofa, ya tambaye ta a kanta ya fi a ƙirga, kullum ta ce ba ruwanta, ta ci gaba da abin da take yi tana ɗan murmushi.

Yanzu idonsa ya rage, ya ɗauki wani ƙanen matarsa yana yi wa samari aski, shi kuma ya riƙe tsofaffi da gyaran gemu. Ra'ayinsa kan waƙoƙin zamani bai canja ba, ya ce cikin goma, tara iska ce. Abin da ya ƙaru shi ne, in ya tsinci layi mai nauyi a tsakiyar shirme, ba ya yaba wa mawaƙin. Yakan ce a bincika a ji wace ce ke yi musu shara. A gida kuma, in matar ta fara magana tana tsinke ganye, yana zama har ta gama, ko da rabin hankalinsa na kan inda maganar za ta je gobe.